Asirin Wayar Gwamnati Da Jiragen Da Ke Shawagi Bisa Mafara

Mutanen Talata Mafara da Bakura da Maradun ba su bukatar kowa ya ba su labarin shekarar 2021, gama a kansu ta sauke kayanta. Ran 26 ga Fabrairu da dare 'yan bindiga suka shiga makarantar 'yan mata ta Jangebe, cikin ƙasar Mafara, suka kora yara daji. Da aka sako su ran 2 ga Maris aka ƙidaya 279. Tsakiyar Agusta suka faɗa Kwalejin Aikin Gona da Kiwo ta Bakura, suka kashe ɗan sanda ɗaya da masu gadi 2, suka tafi da ɗalibai 15 da ma'aikata 4. Ba a gama jimamin wannan ba, ran 1 ga Satumba da rana, suka kwashi 'yan makaranta 73 a Kaya, cikin ƙasar Maradun, mahaifar Gwamnan wannan lokaci, Bello Matawalle. Ƙasashe uku da ruwan Bakolori ya haɗa su noman rani, sai ga shi juyayi ya haɗa su cikin wata 6 da 'yan kwanaki.

Gwamnati ta ɗauki mataki iri biyu, ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. Ranar da aka sako 'yan matan Jangebe, Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro, Babagana Monguno, ya yi shela cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya hana jirage shawagi a sararin Jihar Zamfara, ya kuma hana haƙar ma'adinai. Da ma an daɗe ana raɗe-raɗin wai akwai jirage masu saukar ungulu da ke sauka cikin daji da makamai, su tashi da zinariya. Sa'an nan ran 3 ga Satumba, kwana 2 bayan na Kaya, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta aika wa kamfanonin waya takarda, bisa roƙon Gwamna, cewa su kashe turakunsu duka a jihar. Aka ce mako 2 za a yi. Gusau ba ta sami waya ba sai farkon Oktoba, sauran ƙasar kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba. Hujjar da aka bayar ita ce masu kai rahoto, waɗanda ke zaune cikin gari suna buga wa na daji waya, suna gaya musu soja sun tashi, sun bi hanya kaza, motarsu kaza.

Yawancin jama'a sun ɗauka kowace doka da nata dalili. Alhali kuwa magana ɗaya ce. Jirgin yaƙi, ban da fuka-fukansa, magana biyu ke riƙe da shi: wadda ta gabace shi, watau wa ya san sa'ar tashinsa da inda ya nufa, da wadda ke tafe tare da shi, watau wa ke gaya wa matuƙinsa ko su wane ne a ƙarƙashinsa. In ta farko ta yi yoyo, jirgi na cikin haɗari. In ta biyu ta yanke, waɗanda ke ƙasa ne ke cikin haɗari. Ƙasar Zamfara ta ga jirgi ya faɗo, ta kuma ga an zuba wa 'ya'yanta wuta bisa kuskure. Abin da ya kamata shi ne Gwamnati ta kulle tata wayar, ta miƙa ta har ƙauyukan da ake faɗa a bakinsu, ta bar wa talaka tasa.

A fara da na sama. Ran 18 ga Yuli 2021, wajen ƙarfe ɗaya saura kwata na rana, wani jirgin yaƙi na Nijeriya, irin wanda ake kira Alpha Jet, yana komowa daga aiki a kan iyakar Zamfara da Kaduna, sai 'yan bindiga suka buɗe masa wuta daga ƙasa har ya faɗo. Matuƙinsa, Abayomi Dairo, ya fice da laima, ya ɓuya har rana ta faɗi, kana ya bi duhu, wayarsa ta hannu na nuna masa gabas da yamma, har ya isa wani sansanin soja. Rundunar Sojan Sama da kanta ta ba da wannan labari. To, babbar bindigar nan da akan girka bayan mota, mai kaurin harsashi milimita 12.7, in jirgi ake nufi da ita ba ta cin nisan da ya wuce mil ɗaya da 'yan kai, shi kuwa irin wannan jirgi yana iya cin mil 10 cikin minti ɗaya. Kafin mai bindiga ya gyara zama, ya wuce. Wanda zai same shi, ko dai sa'a ce ta faɗo masa, ko kuwa da ma yana zaune yana jira, ya san lokacin zuwansa da kusurwar da zai ɓullo. Saboda haka babban sulken jirgin yaƙi shi ne abokin gaba ya zama bai san lokacinsa ba. A watan Oktoba na wannan shekara wata jaridar Amurka, Wall Street Journal, ta buga cewa an biya 'yan bindiga Naira miliyan 20 don su mayar da irin wannan bindiga da suka ƙwace hannun soja, saboda tsoron kada su harbi jirgin Shugaban Ƙasa a kan hanyarsa ta zuwa Katsina. Rundunar Sojan Sama ta ƙaryata labarin. Amma ƙaryatawar ba ta kawar da abin da labarin ya tuna wa mutane ba, cewa ranar tafiyar babba da hanyar jirginsa abin ɓoyewa ne kamar kuɗin baitulmali.

Wanda ke ganin wannan tsoro ya yi yawa, ya waiwayi yaƙin nan da tsofaffi ke kira yaƙin Hitila. Japan tana da wani babban kwamandan jiragen ruwa, sunansa Yamamoto, wanda ya shirya harin da ya jawo Amurka cikin yaƙin a Disamba 1941. A watan Afrilu 1943 ya yi niyyar zagaya sansanonin mayaƙansa na tsibirai, sai ofishinsa ya buga wa waɗanda za a kai wa ziyara wayar iska, aka jera musu ranar, da sa'ar tashi, da sa'ar sauka, da yawan jiragen rakiya. Saƙon a ƙulle yake cikin lambobi, amma ashe Amurkawa sun riga sun gano yadda ake kwance ƙullin. Ran 18 ga wata jiragensu 16 suka tashi daga wani tsibiri mai nisan fiye da mil 400, suna tafe dab da ruwa don kada a gan su, suka isa Bugenbil daidai sa'ar da saƙon ya faɗa. Shi kuwa mutum ne da ba ya saɓa lokaci. Suka harbo jirginsa cikin kurmi, ya mutu. Babu wanda ya ci amanarsa, babu ɗan leƙen asiri a cikin ofishinsa. Ƙullin wayarsa ne ya yi rauni.

To, mene ne wannan ƙulli? Bahaushe ba baƙonsa ba ne. Samari da 'yan mata sun san zaurance, inda ake juya gaɓoɓin kalma, ko a cusa wata gaɓa tsakaninsu, don kada manya su gane hirar. Malamai kuwa sun san ramzi, inda mawaƙi ke ƙulla shekarar da ya yi waƙarsa cikin 'yan haruffa, wanda bai san hisabi ba ya karanta ya wuce bai ji kome ba. Sai dai zaurance yana da aibi ɗaya: ƙa'idarsa ba ta sakewa, duk wanda ya saurara kwana biyu ya iya. Irin wannan aibi ne ya sami wayar da Firayim Ministan Ingila, Cocil, ke magana da Shugaban Amurka, Rusabelt, da ita a farkon yaƙin. Maganarsu ta wayar iska take ƙetare teku, akwai kuwa wata na'ura da ke yayyanka murya, ta mai da kaifinta kauri, kaurinta kaifi, har mai saurare ya ji kamar kukan kwaɗi. Jamusawa suka kafa tasha a gaɓar tekun Holan, suka ƙera na'urar da ke mayar da muryar yadda take. Ran 29 ga Yuli 1943 suka saurari shugabannin nan biyu suna magana kan Italiya da ke neman janye jiki daga yaƙi, suka ƙara azama a shirinsu na mamaye ta tun ba ta kai ga janyewa ba.

Cikin wannan wata ne aka fara aiki da wata sabuwar waya tsakanin Landan da Washinton, wadda ita ce kakar duk wayoyin asiri na yau. Dabararta ita ce a mai da murya lambobi, sa'an nan a gauraya lambobin da wani hayaniya marar ƙa'ida da aka ɗauka a kan faifan garmaho. Kowane faifai tagwaye ake yinsa, ɗaya wajen mai magana, ɗaya wajen mai amsawa, su juya tare daidai wa daida, na can ya cire hayaniyar, murya ta fito. In an gama magana sai a lalata faifan, ba a maimaita shi. Wannan faifai shi ne mabuɗi. Wanda ba shi da shi, ko ya ɗauki maganar ya ajiye shekara ɗari, iska ya ajiye. Kowace tasha ta wannan waya nauyinta ya haura tan 50, ta Landan ma sai a ƙarƙashin wani babban kanti aka sama mata wuri. Aikin da tan 50 ke yi a wancan zamani, yau ɗan guntun ƙarfe da bai kai farcen yatsa ba ke yinsa cikin rediyon da soja ke ratayawa a kafaɗa. Watau abin ya daina zama na sarakunan duniya kaɗai.

Amma kada mai karatu ya zaci wayar da ke aljihunsa haka take. Kiran da ake yi ta layin kamfani yana da ɗan kulle, sai dai iyakarsa tsakanin waya da turke. Daga turke zuwa ɗakunan kamfani maganar a hannun kamfani take. Tsohon kullen ma masana sun nuna a bainar jama'a tun 2009 cewa ana ɓalle shi da kayan da ba su da tsada, akwai kuma turken ƙarya da ake ɗauka cikin jaka, wanda ke yaudarar wayoyin da ke kusa su biyo ta cikinsa. Wayar oba-oba irin ta kasuwa kuwa ba ta da kulle ko kaɗan. Duk mai irinta da ya murɗa ya dace da tashar, ya zama na uku a hirar. Duk jami'in da ya faɗi lokacin sintiri ko lokacin tashin jirgi ta irin waɗannan hanyoyi, daidai yake da wanda ya hau kan jibga ya yi shela ran kasuwar Mafara. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Daga nan ne za a auna rufe wayar da aka yi a 2021. Ba za a ce bai yi amfanin kome ba, don ya dagula wa 'yan bindiga cinikin kuɗin fansa, soja sun matsa musu, waɗansunsu sun tsallaka maƙwabta, 'yan makarantar Kaya kuma sun dawo gida kafin tsakiyar Satumba. Amma a dubi abin da aka biya. Ɗan kasuwar Mafara da ke son jin farashin shinkafa a Legas, da mai jiran ɗansa ya turo masa kuɗin magani, da mai haƙuri da ke neman motar asibiti, sai sun yi tafiya zuwa Funtuwa ko ƙasar Sakkwato kafin su ce salamu alaikum a waya, a kan hanyoyin da ake tare mutane. Da aka ga na daji suna matsawa bakin iyaka su kama sabis na maƙwabta, sai aka bi da rufewa cikin waɗansu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Mafi muni, ƙauyen da aka faɗa wa da dare ba shi da bakin kiran agaji. Kuma ran 11 ga Satumba, wayoyi na rufe ɗif, 'yan bindiga suka afka wa sansanin soja na Mutumji a ƙasar Ɗansadau, suka kashe jami'ai 12, galibinsu na Sojan Sama, suka kwashi makamai. Mai babur da ya san daji ba ya rasa hanyar aike. An hana mutum miliyoyi magana don a toshe bakin 'yan tsiraru, an bar jaki ana dukan taiki.

Abin takaici, ba yau Gwamnatin Tarayya ta san tana bukatar wayarta ta kanta ba. A 2010 ta ba wani kamfanin ƙasar Sin, ZTE, kwangilar Dala miliyan 470, yawancin kuɗin rance ne daga bankin Sin, don a kafa wa 'yan sanda da sauran jami'an tsaro layinsu na musamman da turakunsa a faɗin ƙasa, haɗe da na'urorin ɗaukar hoto a titunan Abuja da Legas. Jama'a hotunan kawai suka riƙe, don su ake gani a kan titi, amma ƙashin bayan aikin wayar ce. Aka kafa kaya, aka bar su ba mai, ba gyara, ba mai kula, har Majalisar Wakilai ta zauna bincike a 2016 tana tambayar ina aka kwana. Da wannan layi na raye a 2021, ya kuma kai Bakura da Maradun, da jami'an da ke bakin daga suna da hanyar magana da ba ta ratsa wayar kowa ba. Rancen dai bai fasa zama bashi a wuyan ƙasa ba.

Yanzu a juyo ga magana ta biyu, wadda ta fi ciwo a wannan yanki. Ran 11 ga Janairu 2025 'yan bindiga suka kai hari wajen iyakar Maradun da Zurmi. Askarawan jiha da 'yan sa-kai da mutanen gari suka fita bin sawu. Jirgin yaƙi ya iso, ya ga taron mutane da makamai kusa da Tungar Kara, ya saki wuta. Rahotanni suka ce mutum 16 ko fiye suka mutu, fadar Gwamna kuma ta tabbatar cewa an ɗauke su ne a matsayin 'yan bindigar da ke gudu. Ba wannan ne na farko ba: an yi irinsa a Mutumji a Disamba 2022, an yi a Tudun Biri ta Jihar Kaduna ran 3 ga Disamba 2023, inda jirgi marar matuƙi ya kashe mutum fiye da 80 a wurin Maulidi. Mai laifi a bakin jama'a shi ne matuƙi. Amma a sa kai a matsayinsa. Daga sama, ɗan sa-kai bisa babur da bindiga a kafaɗa, da ɗan bindiga bisa babur da bindiga a kafaɗa, kamarsu ɗaya, rawaninsu ɗaya, ƙurarsu ɗaya. Ido ba ya raba su, sai kunne. Tun yaƙin Hitila rundunonin duniya suka gane haka, suka sa wa jirage na'urar da ke amsa tambayar “namu ne ko nasu”, suka kuma riƙa aika jami'i na musamman tare da sojan ƙasa, aikinsa kawai ya yi magana da matuƙi ya ce ga mu nan, ga su can.

Su Askarawan Zamfara, waɗanda Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a ƙarshen Janairu 2024, mutum fiye da 2,600, umurninsu daga Gusau yake fitowa. Jirgi kuwa na Tarayya ne. A 2025 Gwamnan da kansa ya koka a fili cewa yana sane da inda manyan 'yan bindiga suke, amma jami'an tsaro daga Abuja suke karɓar umurni. Watau labari yana wani hannu, jirgi yana wani hannu, abin da ya faru a Tungar Kara kuwa ya nuna a wannan rana hannuwan ba su sadu ba. Wani zai ce to a ba matuƙi lambar shugaban 'yan sa-kai mana, a huta. Nan ne gizo ke saƙar. In hanyar a buɗe take, ɗan bindiga ma zai kira, ya sake murya, ya ce shi ne hakimin gari kaza, ga ɓarayi can a gindin tsamiya, ya sa jirgin Gwamnati ya kashe masa abokan gabansa. Magabata sun san wannan. A zamanin Daular Sakkwato wasiƙar Sarkin Musulmi da hatimi take tafiya, a hannun manzon da aka sani, don wanda aka aika wa ya tabbata daga ina ta fito. Waya mai kulle aiki biyu take yi, tana ɓoye magana, tana kuma buga mata hatimi. Kowace rediyo da lambarta da mabuɗinta, tana kuma iya nuna inda mai riƙe da ita yake tsaye. In aka ƙwace ɗaya a fagen fama, daga hedkwata ake kashe ta, a sake wa sauran mabuɗi, ta zama guntun ƙarfe a hannun wanda ya ɗauka. Ƙasar da ta sayi jiragen Super Tucano 12 a kan kusan Dala miliyan 500, waɗanda na farkonsu suka iso kwana 4 bayan faɗuwar jirgin Dairo, ba za ta ce kuɗin irin waɗannan rediyoyi ya gagare ta ba.

Akwai suka mai ƙarfi da za a yi wa wannan ra'ayi, ba kuwa za a kauce mata ba. Za a ce da ɗan gari akan ci gari; mai kai rahoto ba satar sauraro yake yi ba, da idonsa yake gani, wani lokaci ma cikin ofis yake zaune, kulle kuwa ba ya hana mai mabuɗi buɗe ƙofa. Gaskiya ne, har manyan ƙasashe sun ɗanɗana. A Fabrairu 2024 manyan hafsoshin Sojan Saman Jamus suka yi taro ta intanet kan makamai masu linzami da Yukren ke nema, ɗaya daga cikinsu ya shiga taron daga wani otal a Singafo ta layin da ba shi da kulle, ran 1 ga Maris sai ga Rasha ta watsa hirar tasu, minti 38, duniya na ji. A Maris 2025 kuma manyan jami'an Amurka suna shirya harin jirage a Yaman ta manhajar Signal, wadda kullenta ba shi da aibi, sai ɗayansu ya sa editan mujallar Atlantic cikin zauren bisa kuskure, ya zauna yana karanta sa'ar tashin jirage kafin su tashi. Lalle ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma babu na'urar da ke koya wa mutum riƙe baki. Amma waya mai kulle tana yin wani abin da ba a cika ambata ba, tana rage kunnuwa. In mutum 5 kaɗai suka san jirgi zai tashi da asuba, kuma na'ura ta rubuta wa ya ji, yaushe ya ji, to ranar da labari ya riga jirgi isa daji an san ƙofofin da za a ƙwanƙwasa. In kuwa mutum 50 ne suka ji ta wayoyinsu na aljihu, sai a kama mai sayar da burodi a bakin tasha a ce shi ne. Sharaɗi ɗaya dai, mabuɗin a gida za a ƙera shi. A 2020 aka fallasa cewa wani kamfanin Suwizalan mai suna Crypto AG, wanda ya sayar wa ƙasashe fiye da 120 na'urorin asiri, tun 1970 mallakin 'yan leƙen asirin Amurka da na Jamus ne a ɓoye, suna karanta saƙonnin masu saye.

Saura jiragen fasinja. Shekara da shekaru alhazan Zamfara ta hanyar Mafara suke bi zuwa Sakkwato su hau jirgi, har a 2024 aka fara ginin babban filin jirgin sama a Gusau. Su waɗannan jirage maganarsu da hasumiya a buɗe take, da gangan kuma aka bar ta haka a duk duniya, don kowane matuƙi ya ji inda ɗan'uwansa yake kada su yi karo. Har yaro mai waya yana iya ganin inda jirgi yake a taswira. Wannan ba abin kullewa ba ne. Abin kullewa shi ne maganar ƙasa, watau wane babba ne ke cikin jirgin, yaushe masu gadin shinge ke sauya aiki, ina sintiri ya nufa, me aka jiyo daga ƙauyukan da ke ƙarƙashin hanyar sauka, inda jirgi ke yin ƙasa-ƙasa yana tafe a hankali. Ran 26 ga Maris 2022 'yan bindiga suka kai har gefen filin jirgin Kaduna, suka kashe mai gadi ɗaya, aka tsai da tashin jirgi. Filin da ke tsakiyar Zamfara ya fi na Kaduna bukatar kunne a ƙauye, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƙasashen nan uku su suka fi cancanta a fara da su, don su suka biya kuɗin darasin. Sanatan Zamfara ta Yamma da 'yan majalisar da ke wakiltar Mafara da Bakura da Maradun, a Abuja da Gusau, suna da ikon neman a sa abin cikin kasafin kuɗi da sunansa, a ajiye rediyo mai kulle wajen kowane uban ƙasa da kowane shugaban Askarawa, da faifan hasken rana na cajinta, a haɗa su da ɗaki ɗaya inda jami'in Sojan Sama ke zaune dare da rana. Sa'an nan kowane wata a gwada, a ta da saƙo daga Kaya ko Jangebe ba tare da an sanar da kowa ba, a riƙe agogo a ga minti nawa zai yi kafin ya shiga kunnen matuƙi, a karanta adadin a zauren Majalisar Dokoki ta Gusau.